Takardar Asibiti Bayan Ƙarfe Biyar

"Ki bari sai da safe," in ji maigidana. "Bayan ƙarfe biyar kuɗin ganin likita ninkawa yake yi."

Ko kallonsa ban yi ba. Kwalba ce ta yanki 'yata a tafin ƙafa, tsumman da na ɗaure mata har ya jiƙe da jini. Na saɓe ta a kafaɗa na fita, ya biyo mu yana mita har ɗakin likita.

Bayan awa guda muna gaban matar da ke karɓar kuɗi. Maigida ya duba takardar kuɗin da ta miƙo, ya dafe ƙirji.

"Kin gani ko? Duk wannan a kan ɗan yanka!"

Matar ta gyara tabarau. "A'a, yallaɓai. Yarinya filasta kawai aka manna mata, likita ma ya ce a bar kuɗinta. Wannan naka ne, na gado da ƙarin ruwa, da ka ga jini ka zube ƙasa."

'Yata ta kama hannunsa. "Sannu, Baba. Ungo alawar da likita ya ba ni, ai kai ne mara lafiyar."