Akwatin da ke Ƙarƙashin Riga

A Gummi ana cewa yatsunsa zuma ne. Shekara bakwai makaɗin nan yana jin haka, bai taɓa gyara wa kowa zance ba.

Ba wanda ya san da ɗan akwatin da yake takawa ƙarƙashin babbar riga, mai tausasa kukan jitar lantarki har ya fito kamar sarewa. Wansa, mai gyaran rediyo, shi ya haɗa shi da tarkacen rikoda.

Ran wani biki, ana tsakiyar kiɗa, wayar akwatin ta kwance, jita ta koma kamar ana kankare tukunya. Sai wan ya ratso taro, ya durƙusa gabansa yana laluben wayar.

"Kun gani ko?" in ji maroƙi. "Har wansa ya durƙusa mai."

Mata suka rangaɗa guɗa. Sauti ya dawo da laushinsa, wan kuwa yana ta jan gefen rigar don ya rufe akwatin.

Makaɗin ya daina kiɗa, ya yaye rigar, ya jawo makirufo.

"Jama'a, zumar tashi ce. Yaya, tashi don Allah. Ka yafe min."