Ordinatocin Muktari

"A buɗe kwalayen nan gaban kowa!" Alhaji Arzika ya buga teburin magajin gari. "Wanga kaya tsoho na, fenti ɗai anka yi mai!"

Muktari, wanda ya kayar da shi a kwangilar kawo wa ma'aikatar magajin garin ordinatoci, wato kwamfutoci, ya gyara rawani. "Haba Alhaji, in an kada mutum sai ya tashi ya kaɗe riga. Sabbi na dal, daga Kwanni na ɗauko su."

Magajin gari ya so a bar maganar sai gobe, amma kansiloli suka ce yau za a yi ta. Aka fiddo guda ɗaya, aka jona. Ta kama, sai ta nemi lambar sirri.

"Kun gani? Sabuwa tana tambayar lamba?" in ji Arzika.

"Daga kamfani haka suke zowa," in ji Muktari.

"Ƙarya kake! Matsa ka gani."

Arzika ya ture shi, ya danna lambobi da ka. Nan take ta buɗe. Tambarin ma'aikatar ya cika allo, da shekarar bara a ƙasansa.

Wata kansila, Hajaratu, ta leƙo. "Waɗanga ba su ne Alhaji ya kawo muna bara ba, anka ce ɓarayi sun kwashe?"

Magajin gari ya miƙa ƙafa a hankali, ya fizge wayar wutar ordinatar.

"Kash, an ɗauke wuta," ya ce, fanka na ta juyawa a bisa kansa.