Da Auta Ta Ɗago Kai

Auta tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, amma waya ta riga ta cinye ta. Da neman sauƙi abin ya fara. Duk ranar da ta dawo daga ɗakin marasa lafiya zuciyarta a cunkushe, sai ta shige kallon bidiyo da hirarraki don ta manta abin da ta gani. A hankali barci ya ƙaurace mata, abinci sai an tuna mata, magana kaɗan ta hau faɗa. In caji ya ƙare, har ƙirjinta bugawa yake yi. Yarinya mai hankali, abin tausayi, kuma ba ta gaya wa kowa halin da take ciki ba.

Mahaifinta tela ne, shagonsa a ƙofar gida. Wata safiya tana zaune a bencin shagon tana jiran mota, shi kuma yana ta fama da zare da allura.

"Malama Nas," ya ce cikin tsokanar da ya saba, "hannun nan ya ƙi jin maganata yau. Almakashi ma nauyi yake min."

"Gajiya ce, Baba. Ka ɗan huta," ta ce, idonta a kan waya.

"Harshena ma kamar ba nawa ba."

"Uhm, zai wuce."

Mota ta zo, ta yi masa sallama ta tafi, ba ta ko dubi fuskarsa ba.

Sai da rana ta take wani maƙwabci ya tarar da shi a ƙasa, gefen keken ɗinki. Asibitin da Auta ke koyon aiki aka kai shi. Malamarsu ta ja ta gefe.

"Shanyewar ɓarin jiki ce. Da safe bakinsa ya karkace?"

"Ban sani ba, Malama."

"Ba kuna tare ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Alamomin nan ta haddace su, har jarrabawa ta ci a kansu. Ta san irin wannan ciwon gaggawa yake so. Kallo ɗaya ya ishe ta ta gane.

Baba ya rayu, amma hannun dama ya shanye, magana kuma sai da ƙyar. Ranar da ya farfaɗo, Auta ta riƙe hannun tana kuka.

"Baba, ka yafe min."

Ya dube ta, ya sa hannun hagu ya share mata hawaye.

"Kin... rame, Auta," ya ce. "Ki riƙa... barci."

Washegari ta sami malamarta ta ce, "Ni ma ba ni da lafiya. Ki taimake ni."

Mai karatu, idan waya ta zama maɓoyar damuwarka, nemi taimako tun da wuri. Kuma in naka yana yi maka magana, ɗago kai ka dube shi, domin wani ciwon a fuska yake bayyana.