Mai Jiran Amsa

Shekarar da gero ya ƙone a Tsamaye, damuwa ta hana Ruƙayyatu barci. Malamar asibiti ta ba ta littafin da ake cikewa da abin da ke cin rai.

Jibrilla, gogan naku, ya zo zance ya gan shi a cinyarta.

"Jefar da shi, kar dangina su ce mahaukaciya za ni aura. Ni ne maganinki."

Ji min magani! Ta dube shi har ya gyara hula.

"Littafin nan kullum yana tambayar yadda na kwana, Malam."

"Ni ba na ce maki ina kwana?"

"Kana cewa, ka wuce. Shi yana jiran amsa."

Ta tura masa takalmansa da ƙafa.