Marmaron da Aka Sare wa Inuwa

Zauna ka ji wani misali, ɗan'uwa. Barasa ba abin shanmu ba ce, amma darasi ko a bakin hanya ka tsince shi ɗauka ake yi.

A wata ƙasa mai tsananin sanyi an yi wa da ƙane da suka gaji sana'ar dafa farar barasar nan da ake kira vodka. Ita kuwa ba launi gare ta ba, ba ƙamshi, fiye da rabin kwalbar ma ruwa ne, don haka aibi ba shi da wurin ɓuya a cikinta. Nasu ruwan daga wani marmaro yake fitowa a gindin tudu, bayan ya ratsa saiwoyin kurmi da yashi da tsakuwa, ya sauko garau, mai laushi a maƙogwaro. Wan shi ke kula da wuta da tukwane, ƙanen shi ke ɗebo ruwa ya sirka. Da sunansu ya kai manyan birane, fatake suka yi ta sallama, sai wan ya ƙaro tukwane. Tukwane kuwa itace suke ci. Ya sa aka shiga kurmin kan tudu da gatari, har aka bar shi ƙwal.

Ba a daɗe ba fatake suka soma dawo da kaya, suna cewa barasar tana kartar maƙogwaro, tana ɗanɗanon laka. Wan ya duba alkamar da suke yin barasar da ita, lafiya lau. Ya duba tukwane, ba tsatsa. Sai zuciya ta raya masa ƙanensa ne ya yi ƙyuya yake ɗebo ruwan kogi. A gaban ma'aikata ya kira shi maci amana. Ƙanen ya ce, "Yaya, inda Baba ya nuna mini, nan nake ɗiba." Ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Barasa dai ba ta gyaru ba. Ran nan bayan an ɗauke ruwan sama, wan ya taka da kansa zuwa marmaro, ya kamfata da hannu ya kurɓa, ƙasa ta yi masa ƙaras-ƙaras a haƙori. Da ya ɗaga kai sai ya ga kututture jere, ga kwari ya tsage tudun, jan ruwa na gangarowa kai tsaye cikin idon marmaron. Ya daɗe a durƙushe. Ya aika a nemo ƙanensa, aka dawo aka ce ya rasu a baƙon gari, 'ya'yansa kuma sun ce ba su da wani baffa. Shi kuwa wan, sauran kwanakinsa ya ƙare su yana dasa itatuwan da ya san ba zai ga girmansu ba.

Kafin ka ɗora wa wani laifi, fara hawa tudunka ka duba abin da ka sare. Hausawa sun ce, ruwa ba ya tsami banza.