Ranar da Darakta Ya Kama Bakinsa

"A fara!" in ji darakta, ya kama bakinsa, don yanzu na'ura ko tari ɗauka take.

Leland Pruitt, tauraron Hollywood na zamanin fim marar magana, ya ƙame gaban kyamara kamar turke. Damarsa ta ƙarshe ke nan.

Daga baya jaridu suka ce murya ce ta kayar da shi. Ƙarya ne, ni na riƙe fitila ranar. Muryarsa garau.

Can ya waiwayo.

"Maigida, yi magana mana! Dariya zan yi ko kuka?"

Shekara goma darakta ke daka masa tsawa daga bayan kyamara: ɗaga gira, dafe ƙirji, fashe da kuka.

Fim ya samu baki, darakta ya rasa nasa. Pruitt yana sayar da takalma.