Kwaɗo Ya Ɗauki Azumi

Tun da zafi ya sa kowane gida a Gusau ya haƙa kwamin wanka, Alhaji Barau bai taɓa kuka da Kwaɗo, injin da ke tsabtace masa ruwa, ba sai a azumin bana. Da rana sai injin ya lafe a ƙasan kwami, datti na taruwa.

Lantana mai gyara ta duba taya da matatar ruwa, komai lafiya lau.

"Alhaji, me ka ce masa da aka kawo shi?"

"Na ce ya bi tsarin gidan nan."

"To, aikinsa zuƙar ruwa ne. Azumi yake, sai an sha ruwa."

"Ƙarfe da azumi? Taso min shi!"

Kwaɗo ya taso, ya yi sallama a gaban matar gidan, Hajiya Dije, sannan ya ce:

"Alhaji, in ka amince, ni ma sai in riƙa ɗan kurɓa, kamar yadda kake yi in ka nutse da azahar."

Hajiya ta juyo a hankali.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Ƙyale shi, Lantana. Ba a shiga tsakanin bawa da ibadarsa."